Daga Khimar Zuwa Rusari: Sunayen Lulluɓin Mata a Bakin Larabawa da Farisawa

A shekarar 1923 Huda Sha'arawi, shugabar ƙungiyar matan Masar, ta dawo gida daga wani babban taron mata da aka yi a birnin Rum na Italiya. Da jirgin ƙasa ya tsaya a tashar Alƙahira, sai ta sauko ta yaye ƙyallen da ke fuskarta a gaban matan da suka zo tarbarta. Marubutan Larabawa suna cewa a ranar ce ta tuɓe hijabi. Bahaushen da ya ci karo da wannan magana yau zai ɗauka kai ta buɗe, gashi ya fito. Ba haka aka yi ba. A hoton da aka fi saninta da shi na wancan lokaci, baƙin mayafi ne ya rufe mata kai da wuya, fuska kaɗai ce a fili. Matar da ta yi irin wannan shiga a Alƙahirar yau, muhajjaba ake ce mata, wato mai hijabi.

Abin da ya sa nake ganin ya kamata a zauna a warware waɗannan sunaye ke nan. Muna karanta tafsiri da fiƙihu da Larabcin mutanen farko, muna jin labaran Iran da Afganistan da Faransa a rediyo, muna sayen abaya da himar a hannun masu saro kaya daga Dubai da Alƙahira, kuma duk abin da muka tarar a wuraren nan uku da kalma ɗaya muke fassara shi: hijabi. Alhali a bakin masu harshen akwai sunan hukunci, akwai sunan tufa, akwai kuma sunan da hukuma ta ƙirƙiro don ta kafa doka a kansa. In aka cakuɗa su, sai musu ya kaure tsakanin mutum biyu da kowannensu abin da yake nufi daban.

Ita kanta kalmar hijab ta zo sau bakwai a Alƙur'ani, kuma babu inda take nufin ƙyallen da mace ke ɗorawa a kanta. A Suratul A'araf ita ce abin da ya raba 'yan Aljanna da 'yan wuta. A Suratu Maryam ita ce kariyar da Nana Maryam ta sa tsakaninta da mutanenta sa'ad da ta keɓe. A Suratush Shura an ce Allah ba ya magana da ɗan'adam sai ta wahayi, ko daga bayan hijab, ko ya aiko manzo. Wadda ta fi kusa da zancenmu ita ce aya ta 53 a Suratul Ahzab, wadda malamai ke kira ayar hijabi. Anas ɗan Malik ya ba da labarin saukarta. Ranar walimar auren Manzon Allah (SAW) da Nana Zainab 'yar Jahshi, an ci abinci an watse, wasu 'yan mutane suka zauna a ɗakin suna ta hira har abin ya yi wa Annabi nauyi. Da suka tashi, ya shiga ya saki labule tsakaninsa da Anas, ayar ta sauka tana cewa idan za ku tambayi matansa wani abu, ku tambaye su daga bayan hijab. Labule ne na zahiri, wanda ake ratayewa a ƙofa. Marigayi Sheikh Abubakar Gumi a tarjamarsa ta Hausa "shamaki" ya sa a wurin, kuma ya dace. Daga wannan saiwa ce masu ilmin rabon gado suka sami hajbu, inda wani magaji ke katange wani. Daga nan aka sami hajib, mai tsaron ƙofar halifa, muƙamin da ya ƙasaita a Andalus har mai riƙe da shi ya zama shi ne ke juya ƙasa. A Sudan da Masar laya ma hijab ake ce mata, saboda ana ɗaukarta kariya.

Akwai masu ɗaukar wannan bayani su tsaya a nan, su ce tunda kalmar ba ta nufin rufe kai, to babu umarnin rufe kai a Alƙur'ani. Ban yarda da wannan ba, ba kuma na jin mai neman gaskiya zai tsaya a rabin hanya haka. Umarnin ya zo, da wasu kalmomi ne dai ya zo.

Ta farko ita ce khimar, jam'inta khumur, a aya ta 31 ta Suratun Nur, inda aka umarci muminai mata su doka khumur ɗinsu a kan wuyan rigunansu. Asalin kalmar rufewa ne. Sayyidina Umar ya faɗa a kan mumbari cewa khamr, wato giya, ita ce duk abin da ya rufe hankali. Khimar kuwa abin rufe kai ne, ba ma na mata kaɗai ba, domin a hadisin Bilal da ke Sahihu Muslim an ce Annabi ya yi shafa a kan huffi da khimar, malamai suka ce rawani ake nufi. Masu tafsiri irin su Ƙurɗubi sun bayyana cewa matan Larabawa da ma suna da khimar tun kafin ayar, sai dai ta baya suke sako shi, wuya da kunnuwa da saman ƙirji a buɗe. Ayar ba sabuwar tufa ta kawo ba, yadda ake yafa tsohuwar ta gyara: a juyo da ita gaba ta rufe abin da aka bari. Nana A'isha ta ce da ayar ta sauka, matan Muhajirai na farko zannuwansu suka yayyaga suka yi lulluɓi da su. Babu tela a cikin zancen, babu samfuri, babu wani launi da aka ware. Abin da ke hannu da shi aka yi.

Littattafan adabin Larabci sun kawo labarin wani ɗan kasuwa daga Iraƙi da ya kai khumur Madina, kowane launi ya shige, baƙi kaɗai ya yi kwantai. Ya kai kukansa wurin wani mawaƙi da ake kira Darimi, wanda ya riga ya bar waƙa ya lazimci masallaci. Darimi ya yi 'yan baituka a kan kyakkyawa mai baƙin khimar, waƙar ta zaga gari, baƙaƙen suka ƙare ƙaf. Ko haka abin ya faru, ko masu ruwaya sun ƙara masa gishiri, ya nuna cewa a wurin Larabawan farko khimar hajar kasuwa ce mai launi-launi, da yayi da kwantai, kuma baƙi ba shi ne aka fi so ba.

Ta biyu ita ce jilbab, a aya ta 59 ta Suratul Ahzab, inda aka ce Annabi ya faɗa wa matansa da 'ya'yansa mata da matan muminai su kusanto da jalabib ɗinsu a kansu, don a gane su kada a cuce su. Wannan tufar fita ce, wadda ake ɗorawa a kan kayan gida. Ummu Aɗiyya ta ruwaito cewa da aka umarci mata su fita Idi, an ce ya Manzon Allah, wata a cikinmu ba ta da jilbab, sai ya ce 'yar'uwarta ta sam mata daga nata. Ka ga ke nan ba kowace mace a Madina ke da shi ba. Siffarsa kuwa tun farko an yi saɓani. An ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa mayafi ne, wasu suka ce tufa ce da ta fi khimar girma, Ibn Hazm da Ƙurɗubi suka tafi a kan cewa abin da ke rufe jiki duka ne. Yau in ka ce jilbab a Amman ko Dimashƙa, doguwar riga mai maɓallai har ƙasa za a miƙo maka. A Aljeriya guda biyu ne, na sama da ke saukowa daga kai da kuma siket. A Indonesiya kuwa jilbab ƙyallen kai ne kawai.

To malaman fiƙihu fa, wane suna suka ba wa hukuncin? Buɗe babin sallah a littafin kowace mazhaba, satrul aura za ka tarar, suturce al'aura. Wanda ya yi karatun zaure ya bi ta kansa a Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a 996: mafi ƙarancin abin da ke isar mace a sallah shi ne riga mai kauri, cikakkiya, wadda ta rufe bayan ƙafafunta, da khimar da za ta lulluɓa da shi. Dir'i, wato riga, da khimar ya ambata. Malamin Iran Murtaza Muɗahhari, a littafinsa kan mas'alar hijabi na ƙarshen shekarun 1960, ya lura da wannan, ya ce amfani da kalmar hijab a kan suturar mace sabon abu ne, malaman farko satr suke cewa, kuma da an bar ta a haka da ya fi, domin hijab tana sa mutane su zaci Musulunci yana son mace ta zauna bayan labule ne har abada. A ɗaya ɓangaren, Sheikh Nasiruddin Albani ya wallafa littafinsa da sunan Hijabul Mar'atil Muslima, daga baya ya sauya masa suna zuwa Jilbabul Mar'atil Muslima, saboda ya ga kalmomin biyu ba abu ɗaya ba ne. Mutum biyu ne da ba su haɗa mazhaba ba, ba su haɗa ƙasa ba, amma kowannensu ya ji kalmar tana masa ƙaiƙayi.

Yadda ta koma sunan tufa labari ne na kwanan nan. Lokacin da marubucin Masar Ƙasim Amin ya rubuta littafinsa kan 'yantar da mata a 1899, hijabin da yake suka shi ne rufe fuska da kulle, kishiyarsa kuma sufur, wato bayyana fuska. Daga baya mata da yawa a biranen Masar da Sham suka bar rufe kai gaba ɗaya. A shekarun 1970, bayan kayen da Larabawa suka sha a yaƙin 1967, ɗalibai mata a jami'o'in Masar suka fara wata sabuwar shiga ta doguwar riga mai yalwa da ƙyallen da ya rufe kai da wuya, ba irin ta kakanninsu ba. Da farko "shigar Musulunci" ake ce mata. Sannu a hankali hijab ta zauna mata, kuma daga nan ta bazu duniya da wannan ma'ana.

Na fuska suna da nasu sunayen. Niƙab daga huda ya samo asali, saboda kafar da ake bar wa idanu, kuma tsohuwar kalma ce, tunda a Bukhari an hana mace mai harami sa niƙabi da safar hannu. Ko wajibi ne ko ba wajibi ba, wannan tsohon saɓani ne da ke komawa ga fassarar "sai abin da ya bayyana daga gare ta" a ayar Nur: an ruwaito daga Ibn Abbas cewa fuska da tafuka ne, daga Ibn Mas'ud kuma cewa tufafin waje ne. Abin da ya shahara a Malikiyya shi ne fuska da tafuka ba al'aura ba ne. Manyan malaman Saudiyya irin su Ibn Baz da Ibn Usaimin sun wajabta rufe fuska. Saboda haka in malami a Riyad ya ce hijabin shari'a, mai yiwuwa har da fuska yake nufi, in na Azhar ya faɗa kuma ban da ita.

Burƙu'i ya fi kowanne rikitarwa. A Masar ta da, dogon ƙyalle ne da ke sauka daga ƙasan idanu, da wani ɗan bututun tagulla ko zinariya a kan karan hanci yana riƙe da shi. A Daular Larabawa da Katar da Oman wani abu ne daban ƙwarai, wanda wasu ke kira baɗɗula. Ɗan ƙaramin rufi ne da ya bi layin gira, ya sauko ta karan hanci da ɗan itace a ciki don ya tsaya, ya rufe leɓen sama, kumatu da haɓa sau da yawa a waje. Wanda ya hango shi daga nesa zai rantse ƙarfe ne, alhali yadi ne da aka rina da baba aka goge shi har ya ɗauki ƙyalli, kamar dai turkuɗin Kura da ya sha bugu, har da zubar da shuni a fatar mai shi. Yanzu tsofaffi ne suka fi sa shi. A gaɓar kudancin Iran, wajajen Bandar Abbas da Minab da tsibirin Ƙeshm, matan suna da irinsa, wasu ja jawur da aikin zare. Shi kuwa lisam na baki ne da hanci, kuma a Sahara maza ne ke yinsa. Murabiɗun da suka mulki Maroko da Andalus "masu lisam" ake musu laƙabi. Amawalin rawanin sarakunanmu da na Buzaye shi ne wannan.

A titi da kasuwa kuwa kowace ƙasa da bakinta. Bamisriya ɗarha take yafawa, kuma da wannan sunan ake kiran farin mayafin amarya. Ƙaramin mai kusurwa huɗu isharb ne, aro daga Faransanci. Abin da take kira khimar yau shi ne ɗinkakken nan mai zagaye fuska ya sauko har ƙugu. Matan ƙasashen Tekun Fasha shaila suke naɗawa a kan abaya, su kuma bambanta abayar kai da abayar kafaɗa, har a kan yi wa mace hukunci da wadda ta zaɓa. Akwai farin hayik na Aljeriya da Maroko, safsari na Tunisiya, milhafa ta Muritaniya, tob na Sudan, da lafaya ta Chadi wadda muka sani ta hannun mutanen Barno. Yawancinsu ba a ɗinka su, yadi ne guda ake naɗawa, kuma mata sun yi sallah da su ɗaruruwan shekaru ba wanda ya ce suturarsu ba ta cika ba.

In aka tsallaka zuwa Iran, abin ya ɗauki wani salo. Bafarishe ya ari kalmomin addini daga Larabci, yana cewa hejab da neƙab, amma tufafin da hannunsa ke taɓawa yawanci da harshensa ya raɗa musu suna, kuma sunayen suna faɗin inda abin ke zama. Ru na nufin sama ko fuska, sar kai ne, don haka rusari shi ne "na kan kai": ƙyalle mai kusurwa huɗu da ake ninkawa ya zama uku, a ɗaure a ƙarƙashin haɓa. Shal dogo ne, ana yafa shi a jefa gefe ɗaya kan kafaɗa, shi ne 'yan matan birni suka fi so, shi ne kuma ya fi saurin zamewa baya. Magna'e ɗinkakke ne, mai kafar fuska da ɗan rufin haɓa, yana sauka zuwa ƙirji. Shi ne na makaranta da ofis da banki. Asalinsa miƙna'a ta Larabci, saiwa ɗaya da kalmar da mai Risala ya yi amfani da ita wajen cewa mace ta lulluɓa da khimar. A ƙarƙashin waɗannan ana sa manto, rigar sama mai dogon hannu, sunan daga Faransanci.

Sai cador, wanda duniya ta fi sanin Iran da shi. Kalmar tana nufin tanti ma, har yau Bafarishe in zai kafa tanti cador yake cewa. Yadi ne da aka yanka rabin da'ira, babu hannu, babu maɓalli, babu zip. Mace takan ɗora tsakiyarsa a ka, ya zubo har ƙasa, ta kama bakinsa biyu daga ciki da hannu ɗaya a ƙarƙashin haɓa. In hannuwan suka cika, ga jaka ga yaro, sai ta cije gefen da haƙori. Wahalar nan ce ta sa aka fito da mai roba da ke kama kai, da masu hannu irin wanda ake kira na ƙasa da na ɗalibai da na Larabawa. Baƙi na fita ne. Na sallah fari ne ko mai ƙananan furanni, yana ninke cikin darduma a kowane gida, kuma shi ake sa wa yarinya ranar bikin da makarantu ke yi mata in ta kai shekara 9, shekarun da fiƙihun Ja'afariyya na 'yan Shi'a ya ɗora mata taklifi, wato wajabcin ibada. A hubbaren Imam Riza da ke Mashhad da na Faɗima Ma'asuma a Ƙum ba a shiga sai da cador, akwai na aro a bakin ƙofa. Fuska a buɗe take a cikinsa. A zamanin sarakunan Ƙajar, tsoffin sarakunan Iran, ne matan birni ke haɗa shi da rubande, dogon farin ƙyalle mai ragar zare a wajen idanu, daga baya kuma pice, wanda ake saƙawa da gashin doki. A cikin gida carƙad suke ɗaurawa su maƙale shi da tsinke a haɓa. Kalmomin Farisa ma sun yi tafiya. Cador-shab, mayafin dare, ya shiga Turkanci ya zama carshaf, ya dawo Larabci a matsayin sharshaf, wanda a Sham zanen gado ne, a Yaman kuma baƙar shigar matan birni.

Abin da ya bambanta Iran shi ne sau biyu a ƙarni ɗaya hukuma ta sa hannu a kan kan mace da ƙarfin ɗan sanda, kuma kowane karo ya haifi nasa kalmomi. Ranar 8 ga Janairu 1936 sarkin Iran Riza Shah ya halarci bikin yaye ɗalibai a Tehran tare da matarsa da 'ya'yansa mata biyu babu lulluɓi, aka ƙaddamar da abin da ake kira kashfe hejab, yaye hijabi. 'Yan sanda suka riƙa fizge cador da ɗankwali a titi, ana son mata su koma hular Turawa. Watanni kafin nan, a 1935, sojoji sun buɗe wuta a kan masu zanga-zangar ƙin dokokin tufafi a masallacin Goharshad na Mashhad. Mata masu yawa suka zaɓi zaman gida na shekaru a kan su fita kai buɗe, har aka sauke Riza Shah daga mulki a 1941. Zalunci ne tsagwaronsa, kuma shi ya mayar da cador tuta.

Bayan juyin 1979 sai ƙarfin ya juya. A watan Maris na shekarar, da Ayatullahi Khumaini ya ce ma'aikata mata su rufe kai, dubban mata suka fito zanga-zanga a Tehran, masu adawa da su suna rera "ya rusari ya tusari", ko ɗankwali ko duka a ka. A 1983 doka ta sa bulala har 74 ga wadda ta fita ba tare da "hijabin shari'a" ba, daga baya aka mayar da hukuncin ɗauri na ɗan lokaci ko tara. Dokar ba ta fayyace siffar wannan hijabi ba, sai harshen hukuma ya cike gurbin. Aka sami bi-hejab, marar hijabi, aka sami bad-hejab, mai mummunan hijabi, wato wadda ta rufe kai amma gashin goshi ya leƙo, ko mantonta ya gajarce ko ya matse. Cador kuma aka yi masa kirari da hijabi mafifici. Jama'a ma suka rabu da suna: wance cadori ce, wance mantoyi, kuma daga jin wannan ana hasashen gidan da ta fito da wanda za ta zaɓa. Kalmar bad-hejab ce ta fi damuna, domin ba ta da ma'auni a littafin fiƙihu, ma'auninta idon jami'in da ke tsaye a bakin titi. Da wannan tuhuma 'yan sintirin Gashte Ershad, 'yan sandan da ke sa ido kan shigar mata, suka kama Mahsa Amini, 'yar shekara 22 daga garin Saƙƙez, wadda ta rasu a hannunsu ranar 16 ga Satumba 2022. Hukuma ta ce rashin lafiya ne, iyayenta suka musanta, kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya ce dukan da aka yi mata ne ya yi sanadi. Ina ganin suturce jiki umarnin Allah ne, kuma daidai wannan dalili ne ya sa nake ƙin a mayar da shi abin da ake aunawa da kulki.

Farisanci ba a Iran kaɗai ake yinsa ba, kuma ƙetare iyaka kaɗan ya isa ma'ana ta juye. A Kabul cadar gyale ne na kai da kafaɗa. Wanda ke rufe mace tun daga ka har ƙafa, mai ɗinkakkiyar hula da raga a wajen idanu, galibi shuɗi, sunansa cadari, shi ne duniya ke kira burƙa. A watan Mayu 2022 gwamnatin Taliban ta umarci mata su rufe fuska, ta ce cadari ne hijabi mafi kyau. A Tajikistan akasin haka ake yi. Ɗankwalin gargajiya da ake ɗaurewa ta ƙeya, rumol, hukuma ba ta da matsala da shi, amma wanda ya rufe wuya da haɓa ana kiransa satr ko hijob, kuma dokar da aka sa wa hannu a Yunin 2024 ta haramta tufafin da ta kira baƙi ga al'adar ƙasa. Can ana tilasta rufewa, nan ana tilasta buɗewa, duka da harshe ɗaya.

Rashin tantance sunayen nan yana da illa a aikace. Dokar Faransa ta 2010 da ta hana rufe fuska a bainar jama'a an yi ta kiranta dokar burƙa, alhali matan da ta shafa niƙabi suke sawa. Kalmar burƙa ta ɗauko hoton Taliban ta ɗora a kan 'yar Faransa. A 2015, bayan hare-haren ƙunar baƙin wake, Chadi da lardin Arewa Mai Nisa na Kamaru da jihar Diffa a Nijar sun hana rufe fuska, labarai suka ce an hana burƙa, wasu suka ce an hana hijabi. Matar da ke shirin zuwa kasuwa tana buƙatar sanin wanne aka hana, wanda ke tsaron shingen ma haka.

Mu ma muna da rabonmu. Abin da muke kira hijabi, ɗinkakken nan da ya yaɗu tare da makarantun Islamiyya tun daga ƙarshen shekarun 1970, a Masar khimar ne, gajerensa kuma a Iran magna'e ne. Tufa ce mai kyau, ta sauƙaƙa wa mata sallah da tafiya da aiki. Amma da yake mun ba shi sunan hukuncin kansa, sai aka wayi gari ana kallon dattijuwar da ta lulluɓe jikinta ruf da babban mayafi, ko 'yar Barno cikin lafaya, a ce ba ta sa hijabi ba, a kuma ƙyale wadda ta sa shara-shara mai bin jiki don kawai tela ya yi masa kafar fuska. Sharuɗɗan da malamai suka kawo a kan kauri ne da yalwa da rufe abin da ya wajaba, ba a kan ɗinki ba.

Masu fassara labarai zuwa Hausa su ne suka fi kowa iya gyara wannan, kuma harshen ya ba su kayan aiki. Da aka ce matan Iran suna ƙona hijabi a 2022, mai sauraro a Kano ko Damagaram dogon hijabin Islamiyya ya gani a ransa, alhali rusari da shal ne ake jefawa a wuta, wato ɗankwali da gyale. A ce ɗankwali in rusari ne, a ce gyale in shal ne ko shaila ko ɗarha, a ce babban mayafi ko lulluɓi in cador ne, a bar hijabi ga khimar da magna'e, niƙabi kuma ga na fuska. Cadarin Afganistan da baɗɗular Tekun Fasha ba mu da irinsu, don haka a bar su da sunayensu, a ƙara jimla ɗaya da ke faɗin siffarsu.